Igiyar da Na Ɗaure

Ni tela ne a Gombe. Shagona yana layin teloli a Tsohuwar Kasuwa, kuma duk wanda ya san ni a garin nan da keken ɗinki ya san ni. Kaɗan ne suka san ɗan masunci ne ni, wanda ya iya jefa birgi tun kafin ya iya zura zare a allura. Ba ɓoyewa na yi ba, ban dai faɗa ba ne. Daga watan Mayun 1994 zuwa Janairun 2023 ban sa ƙafata cikin kwale-kwale ba ko sau ɗaya, kuma na hana 'ya'yana ko wankan rafi.

Baba mutumin ƙasar Argungu ne, su ya gada kaka da kakanni. Da gwamnatin tarayya ta datse kogin Gongola a Dadin Kowa cikin shekarun 1980, ruwa ya taru ya cinye gonaki da dazuzzuka, kifi ya samu wurin hayayyafa, labari ya kai kunnen masunta ko'ina. Baba ya kwaso mu muka zo, ina ɗan shekara bakwai. Muka kafa bukka a bakin ruwa tare da wasu irinmu, ga Terawa masu ƙasa suna nomansu a tudu, mu muna ba su karfasa da tarwaɗa suna ba mu dawa. Inna na banda, 'yan sari na zuwa daga Gombe. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu kwana da yunwa ba.

Tafkin yana da faɗi, filafili kaɗai yana kashe kafaɗa. Saboda haka Baba yakan farke buhunan taki ya ɗinke su da basilla, ya ɗaura a gora, ya kafa gorar a ramin katakon zama na gaba, iska ta yi masa aikin tuƙi. Ba mu da wani babban suna ga abin, buhu kawai muke cewa: a ɗaga buhu, a sauke buhu. Doka ɗaya ce a kansa, kuma Baba ya faɗa mini ita ya fi sau ɗari. Igiyar da ke riƙe da gefen buhun a hannu ake riƙe ta, ba a ɗaure ta. Cikin kwale-kwale a shafe yake, ba shi da abin da zai tokare shi a ƙarƙashin ruwa. Idan iska ta bugo da ƙarfi ka saki igiya, sai buhun ya yi ta fal-fal a banza, jirgi ya tsaya daidai. Idan igiyar a ɗaure take, iskar ba ta da mafita, sai ta kwantar da jirgin.

Ranar da abin ya faru ina da shekara 15, ƙanena yana da 9. Baba ya aike mu mu ɗebo kalli da muka kwana da shi a wancan ƙetaren. Farkon damina ne, gabas ta ɗan yi duhu amma da nisa. Muka kwashe kifi muka juyo, iska na tura mu sannu-sannu, daɗi kamar me. Ƙayar kurungu ta soke ni a tafin hannu wajen cire shi daga raga, igiyar kuma tana goga wurin. Sai na ce bari in ɗaure ta a katako na ɗan lokaci in wanke hannuna. Na yi mata ƙulli biyu. Ina sunkuye ina ɗaurayewa iskar hadari ta iso. Wanda bai zauna bakin babban ruwa ba ba zai gane ba: ba ta sallama. Na kai hannu in kwance, igiyar ta jiƙe ta ɗame, kafin in yi wani abu muna cikin ruwa.

Na samu kututturen wata bishiya cikin waɗanda ruwa ya shanye na rungume. Na yi ta kiran sunansa har muryata ta dushe. Sai washegari da yamma aka same shi. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, wasu na ce mini iya ruwa fid da kai, wai don su kwantar mini da hankali. Ban taɓa tsanar wata karin magana kamar wannan ba. Babu wanda ya tambaye ni batun igiya, ni ma ban ce komai ba.

Na yi shekara biyu ina taya Inna banda, ina kai kifi tasha, ban shiga ruwa ba, Baba kuma bai tilasta mini ba. A 1996, shekarar da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, garin ya cika da sababbin ma'aikata masu neman kaftani, wani abokin cinikin Inna ya kai ni wurin maigidana na koyi ɗinki. Na yi aure, na haifi huɗu. Nakan je gida da salla, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba ta hanyar Biu, in gaida su in juyo kafin magariba. Abin dariya, ruwan famfon da nake alwala da shi a Gombe daga wannan dam ɗin ake turo shi. Na gudu daga ruwan, ya biyo ni ta bututu.

Wata Talata a ƙarshen Disambar 2022 ina yankan shadda sai na ji sallamar da ban taɓa ji a shagon nan ba. Baba ne, da kansa, ɗan acaba na sauke masa ɗaurin buhuna. Na miƙe na ba shi kujera, yarana suka durƙusa suka gaishe shi. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kama sunana, tun da na koyi sana'a Tela yake ce mini.

"Tela, buhu goma sha biyu ne. Idona ya daina ganin basilla. Ɗinka mini."

Na ce, "Baba, da kun aiko ai da na zo. Me za ku yi da buhu a shekarun nan naku?"

Sai ya ba ni labari. Wasu samarin bakin ruwa sun je bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, wanda aka dawo da shi bayan shekara goma ba a yi ba, suka ga tseren kwale-kwale, suka dawo suna ta ƙorafin me ya sa mu da muke da ruwa har haka ba ma yin komai. Dattawa suka yi ta ja musu rai. Ana cikin haka aka yi hatsarin Bagwai a Kano a ƙarshen Nuwambar 2021, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, kowa jikinsa ya yi sanyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga baya dattawan suka yarda, amma da sharuɗɗansu. Ba tseren samari za a yi ba, na gidaje ne. Kowane jirgi gida ɗaya, dole a cikinsa a samu dattijo a samu yaro. Ba inji, buhu da filafili kawai. Kowa da rigar kariya a jikinsa, wadda aka yi karo-karo aka sayo, wanda ya cire tasa an kore shi. Jirgi mai inji zai biyo baya. Kuma tafiya ce mai nisa, daga wata tashar masunta can arewa har zuwa kusa da dam, tun hantsi har la'asar, da tsayawa a tsakiya don sallar azahar. Hikimar tsofaffin ita ce, saurayin da ke ɗauke da kakansa da ƙanwarsa ba zai yi ganganci ba.

Na ce to, zan ɗinka. Sai ya ƙara da cewa, "Dattijo akwai. Yaro kuma amaryata ta ce za ta. Saura mai ƙarfi a tsakiya."

Amaryar tasa 'yata ce ta biyu, mai sunan Inna, muna kiranta Ummi, lokacin tana da shekara 11. Ashe sun gama ƙulla maganarsu tun babbar salla ban sani ba. Na ce masa Ummi ba za ta shiga ruwa ba. Bai yi gardama ba. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi.

Ɗinkin ya ci mini dare uku bayan an tashi kasuwa. Buhun taki ba shadda ba ne, santsi gare shi, yana zamewa ƙarƙashin ƙafar keke, kuma in ka yanka bakinsa sai ya yi ta zarewa. Na wanke su tas saboda gishirin takin yana cin ƙarfe, na farke, na bi bakin kowanne da wutar kyandir don ya daina zarewa. Zaren kaftani ba zai yi ba, na sayo zaren nailan irin na gyaran raga. Kowace mahaɗa na ninka ta na bi ta sau biyu, na sa igiya cikin kalmasar gefe, kusurwoyin da za su sha ja na lulluɓe su da tsohon tamfol. Allura huɗu na karya. Na yanka shi gajere mai faɗi, don dogon buhu yana ɗaukar iska ta sama ya rinjayi jirgi. Babu wanda ya tuna mini wannan, hannuna ne ya tuna. A dare na uku na tsinci kaina ina auna tsawon igiyar da gaba, daidai yadda Baba yake yi, sai na kashe wuta na zauna cikin duhu na jima.

A gida kuwa Ummi ta daina yi mini magana sai gaisuwa. Uwarta ce ta karya ni. Ta ce, "Abban Ummi, tsohon nan zai shiga ruwan nan ko da kai ko ba kai. In ya shiga da ɗan maƙwabta kana nan kana ɗinki, wani abu ya same shi, me za ka ce wa kanka?" Ban ce na yarda ba. Na dai ce ta haɗa wa yarinyar kayan sanyi.

An sa ranar wata Asabar cikin Janairu, kuma ba a banza aka zaɓi hunturu ba. Gongola daga tsaunukan Jos take fitowa, ta nufi arewa maso gabas, sai ta yi kwana wajen Nafada ta juyo kudu, ta bi ta Dadin Kowa har ta faɗa Binuwai a Numan. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya taso daga arewa zai gangaro dam, iskar tana bayansa, ba hadari, ba guguwa irin ta farkon damina. Matsalarta hazo da sanyi, da kuma halinta na yin ƙarfi da hantsi ta mutu da rana tsaka.

Jirage 13 suka jeru. Ban taɓa ganin bakin ruwa haka ba: mata da kwanonin ƙosai da kunu, masu kalangu, yara cikin rigunan kariya da suka yi musu yawa har an ɗaure da tsumma. Akwai jirgin da ya ɗauko tsohuwa, ta zauna a tsakiya da carbinta tana ba jikokinta umarni. Buhuna kala-kala, na taki, na shinkafa, na wani ma tsohuwar tutar kamfe ce, fuskar ɗan takara a kife. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin takardun naira, kuɗi a hannu ya zama gwal, don haka kyautar da aka ce za a bayar ta kuɗi ta koma buhun shinkafa da sabon kalli.

Da na sa ƙafa cikin jirgin gwiwata ta yi rawa, har Ummi ta lura. Baba ya zauna a baya da filafili yana saita hanya, Ummi a gaba da ƙoƙon kwashe ruwa, aikinta ta riƙa duba kututture. Ni a tsakiya. Baba ya miƙo mini igiya bai dube ni ba.

Aka busa usur, muka ɗaga buhu. Ya cika da iska ya yi tam, ko ɗinki ɗaya bai motsa ba, kuma duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗin tela. Sa'a biyun farko muna cikin na gaba-gaba. Ummi na ta surutu, tana ƙirga belbela, tana tsokanar kakanta wai angon nata ya tsufa ba ya iya tuƙi, shi kuma yana cewa zai sake ta ya auro mai hankali. Hazo ya rufe tudu, sai Dutsen Bima ke leƙowa can kamar inuwa. A wani lungu mai ciyawa jirgin inji ya sha gabanmu yana ɗaga jan ƙyalle, aka karkatar da kowa zuwa tsakiyar ruwa. Dorina ce da ɗanta. Manoman wajen Hinna sun daɗe suna kuka da su saboda ɓarnar shinkafa, kuma mai ɗa ba a yi mata wasa. Kunnuwanta kawai muka hango, Ummi ta yi tsit na minti biyar, wanda a wurinta babban abu ne.

Wajen sha biyu iska ta ɗauke ɗif. Buhu ya saki jiki kamar wanki a igiya. Nan aka koma filafili, nan kuma asirina ya tonu. Hannun da ya shekara 26 yana riƙe almakashi ba shi da kanta. Kafin mu kai wurin salla tafukana sun yi ƙuraje sun fashe, jirage shida sun wuce mu, ciki har da na tsohuwa mai carbi, wadda ta ɗaga murya ta ce, "Sannu ɗan birni!" Muka yi salla a kan yashi, aka ci ɗanwake, aka rubuta wa kowa lokacin isowarsa, aka sake sakin mu bi da bi.

Bayan azahar iskar ta dawo, amma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ta bugo ta saki, ta bugo ta saki. Dole in riƙa jan igiya ina sassautawa, tana cin fataccen hannuna, har jini ya fara bin ta. Ruwan ya buɗe sosai, na ɗaga kai na ga wasu baƙaƙen kututture uku a jere hannun hagu. Ruwa ya ja baya a rani, sun fito fiye da yadda na san su, amma na gane su.

Daidai nan Ummi ta waiwayo ta ga jinin, ta ce, "Abba, ka ɗaure ta a katako mana ka huta."

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Tsawar da ban taɓa yi wa wani ɗa nawa ba, har mutanen jirgin da ke gefenmu suka juyo. Yarinya ta ƙanƙame ƙoƙonta, idonta ya ciko. Baba ya tsame filafilinsa daga ruwa ya ɗora a cinya. Jirgi ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Ban juya ba, don ba zan iya kallonsa ba. Na ce, "Baba, ranar nan ɗaure ta na yi. Ƙulli biyu."

Ya yi shiru har na ɗauka iska ta tafi da maganar. Can ya ce, "Na sani. Da aka jawo jirgin ni na kwance ta. Da haƙori na kwance, ta ƙi hannu."

Na ce, "Ba ku taɓa faɗa ba."

"In ce me? Kai yaro ne ka ɗaure igiya. Ni da gemuna na dubi gabas da safen nan na ga abin da na gani, na ce ku je ku dawo kafin ya iso, don kada kifi ya ruɓe a raga. Uwarku ta ce a bari, na ce mata ta yi shiru. Kullum in na gan ka sai in ce yau zan gaya masa, sai ka ce za ka koma kafin magariba."

Ban iya ba shi amsa ba. Kuka nake yi irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, hannuna riƙe da igiya, ina sassautawa ina ja, don iska ba ta san ana magana ba. Baba ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ya yi wa yaron addu'a da sunansa, sunan da ban ji a bakinsa ba tun 1994. Muka shafa, ni da hannu ɗaya. Ummi na kallonmu, ba ta san ma tana da wani baffa da ya rasu a ruwa ba, laifina ne wannan.

Sai Baba ya ce, "Amarya, zo ki karɓi mahaifinki." Na buɗe baki zan hana, ya ce, "Tela, bar ta." Ta rarrafo tsakiya, ya cire hularsa ya ba ta ta naɗe hannu, ya ce ta zagaya igiyar sau ɗaya a bayan katako don ya rage mata nauyi, bakin kuma ya zauna a tafinta. "In kin ji ta fi ƙarfinki, saki. Ba a jin kunyar saki." Bugu na farko ta saki gaba ɗaya, buhu ya yi ta kaɗawa, muka tsaya cak, jirgi ɗaya ya wuce mu. Na biyu ta sassauta kaɗan ta sake ja. Kafin mu hango bangon dam ta fara jin iskar tun ba ta iso ba, tana kallon yadda fuskar ruwa ke yin duhu daga nesa. Baba ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na ce ai ɗan ya yi rarrafen, jikar ce ta tashi.

Mu ne na tara. Gidan da ya ci shinkafar wasu Jukunawa ne, uba da 'ya'ya biyu da kaka, kuma sun cancanta. Kowane yaro an ba shi sabulu da littafin rubutu, Ummi har yau ba ta rubuta komai a nata ba.

Inna ba ta zuwa bakin ruwa. Tun waccan shekarar ko kifi sai dai a kai mata gida. Amma da muka matso gaɓa na hango ta tsaye nesa da taro, ƙarƙashin wata bishiya, da mayafinta a ka. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, ina ganin leɓenta na motsi, ƙirga mu take yi. Da ta cika uku sai ta juya ta kama hanyar gida, ba ta jira an raba kyauta ba.

Daren nan ban koma Gombe ba. Inna ta gasa mini hannu da ruwan ɗumi ta shafa man kaɗanya, muka kwana a ɗakin Baba ni da shi, muna magana har aka yi kiran assalatu. Sati guda ban iya riƙe almakashi ba, ɗinkin bikin mutane ya makara na sha faɗa. Ranar da na koma aiki na tarar da masunta biyu suna jirana a ƙofar shago, kowanne da ɗaurin buhunansa. Na ce musu su je su wanke takin tukuna, kuma kuɗin allura daban ne.